Neman shawara: wane ɓangare ya kamata ya ci mafi yawan kuɗi a kwamfutar wasa?

Sabon Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masana. Na shafe fiye da shekara guda ina tara kuɗi domin in haɗa wa kaina kwamfutar tebur ta wasa, kuma yanzu da abin ya kai matsayin da zan iya fara saye, sai na tarar cewa tara kuɗin ya fi raba shi sauƙi. Kuɗin ƙayyadadde ne, ba ni da inda zan ƙaro, saboda haka duk abin da na ƙara wa wani ɓangare, daga bakin wani ɓangaren na cire shi.

Ga abin da na rubuta a takarda. Furosesa na zaɓi Ryzen 7 5800X mai ƙwaya takwas, domin na sha jin ana cewa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma ba na so in yi rowa a kan ƙwaƙwalwa. Madabod, wato babban allon da ake dasa sauran kayan a kai, na ɗauki X570. Na sa masanyayi na ruwa mai fanka biyu da fitilu masu canza launi, wanda ba zan ɓoye muku ba, kyansa ne ya ja ni. RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta wucin gadi, sanda ɗaya ce ta 16GB, don in bar gurbin da zan ƙara wata nan gaba, sai SSD, wato ma'ajiyar fayiloli, mai 500GB. Da na gama lissafin waɗannan, abin da ya rage bai isa ya sayi katin hoton da ya wuce Radeon RX 6500 XT ba. Na'urar ba da wuta kuwa, wadda masu gyara ke kira fawa, na ga wani akwati da ake sayarwa da ita a ciki, an rubuta wat 700 a jikinta, sai na ji kamar na huta da wannan.

Monita ina da ita tun da daɗewa, 1080p ce mai 60Hz, kuma ba ni da niyyar canza ta a bana. Wasannin da nake so su ne Counter-Strike 2 da EA Sports FC, sannan ina da burin in buga Cyberpunk 2077 da Red Dead Redemption 2 ba tare da hoton yana tsinkewa ba. Shin wannan tsarin ya yi, ko akwai inda na kauce? Kuma me kuke gani game da sayen kati na hannu?

Tsohon Hannu ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka yi dabara da ka kawo takardar kafin ka biya, domin da ka riga ka saya, da sai dai mu ba ka haƙuri. Gaskiyar magana ita ce ka fara lissafin daga wutsiya. Kwamfutar wasa daga monita ake fara lissafinta, sannan a zo kan katin hoto, sauran kayan kuma su bi bayan katin suna yi masa hidima.

Monitarka tana nuna ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato ɗigo miliyan biyu da 'yan kai, kuma tana sabunta su sau 60 a sakan ɗaya. Wanda yake zana waɗannan ɗigon, da inuwa da haske da hayaƙi da fuskokin mutanen cikin wasan, katin hoto ne. Furosesa tana lissafin abin da ke faruwa ne, wane ya harba, ƙwallo ina ta nufa, mota ta daki me, sai ta miƙa wa katin ya zana. A wasanni irin su Cyberpunk 2077, katin ne yake fara gajiya tun furosesar ba ta yi gumi ba. Idan ka haɗa 5800X da RX 6500 XT, ka ɗaura doki da jaki a keke ɗaya: tafiyar jakin za a yi, kuma kai ne ka biya kuɗin dokin.

Bari in tsaya a kan wannan katin, domin ba rauni kaɗai ne aibinsa ba. Ya fito a Janairun 2022 da ƙwaƙwalwar hoto 4GB kacal, alhali tun gyaran da aka yi wa Cyberpunk 2077 a Satumbar 2023, mafi ƙarancin abin da masu wasan suke nema shi ne 6GB. Idan ƙwaƙwalwar kati ta cika, sai ya riƙa aron RAM ɗin kwamfuta ta hanyar da ta haɗa shi da madabod, kuma wannan katin layi huɗu kawai aka ba shi a wannan hanyar, ba takwas ko sha shida ba. Ga rumbu ƙarami, ga ƙofa matsattsiya. Nan ne za ka ga hoton ya daskare na ɗan lokaci daidai lokacin da ka juya da sauri, abin da ya fi ƙarancin gudu ɓata rai. Bugu da ƙari, ba shi da sashen da ke naɗar bidiyo da kansa, idan wata rana ka so ka ɗauki wasanka.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Zan sauko zuwa Ryzen 5 5600, mai ƙwaya shida da zare goma sha biyu. Gininta ɗaya ne da 5800X, duka Zen 3 ne, ma'ajiyarsu ta kusa da ake kira L3 ma ɗaya ce, 32MB, kuma a monita mai 60Hz ba za ka iya bambance su da ido ba. Ita 5600 wat 65 aka ƙiyasta mata, kuma tana zuwa da fankarta a cikin kwali, yayin da 5800X take da 105 kuma babu fanka a kwalinta. Ka ga da sauka ɗaya ka tsira da kuɗin masanyayin ruwan gaba ɗaya. Sai dai ka buɗe ido wajen sunan: 5600G da 5500 sun yi kama da ita a rubuce, amma L3 ɗinsu rabi ne, 16MB, kuma sun tsaya a PCIe 3.0, wato tsohon tsarin hanyar da ke haɗa kati da madabod. Madabod kuwa B550 ya isa, domin yana ba katin hoto da SSD na farko PCIe 4.0, wanda shi ne abin da kake buƙata daga X570. Madabod mai tsada ba ya ƙara wa wasa hoto ko ɗaya.

Duk abin da ka tsira da shi daga waɗannan wurare uku, ka zuba shi a kati. Mafi ƙanƙantar abin da zan yarda ka saya shi ne RX 6600 mai 8GB, wanda ya fito a Oktoban 2021 kuma har yanzu yana riƙe 1080p da mutunci. Idan kuɗin ya miƙe, RTX 3060 ko RX 6700 XT, duka masu 12GB. A kan RTX 3060 ka karanta kwalin da kyau, domin an fitar da wani mai 8GB da suna ɗaya, kuma ya fi na ainihin rauni. A ra'ayina, idan katin bai ci kusan kashi biyu cikin biyar na kuɗinka ba, to rabon bai yi daidai ba.

Saura RAM. Kada ka sayi sanda ɗaya. Furosesar tana da hanyoyi biyu na magana da RAM, kuma sanda ɗaya hanya ɗaya kawai take buɗewa. Ka sayi biyu masu 8GB kowace, nau'in DDR4 mai gudun 3200, waɗanda aka haɗa a leda ɗaya. Kuɗin kusan ɗaya ne, kuma Counter-Strike 2, wanda ya fi jingina da furosesa, zai nuna maka bambancin.

Mai Gyara ya amsa:

Duk abin da Malam Tsohon Hannu ya faɗa na sa hannu a kai, amma ya tsallake abin da ya fi tayar mini da hankali a takardar, wato fawar da ke zuwa a cikin akwati. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kowane ɓangare na kwamfuta idan ya mutu shi kaɗai yake tafiya, ban da fawa, ita tana iya tafiya da maƙwabtanta.

An taɓa kawo mini wata kwamfuta da ta mutu ana tsakiyar wasa. Tun kafin in kwance murfin na ji ƙaurin roba. Da na ciro fawar sai na ji ta sakayau a hannu kamar gwangwanin da aka shanye, ga wat 650 an rubuta da manyan baƙaƙe a gefe. Na duba ƙaramin jadawalin da ke ƙasan rubutun, sai na ga layin volt 12 amfiya 24 kawai yake bayarwa. Ka ninka 12 sau 24, ka sami 288. Wannan shi ne ainihin ƙarfin da furosesa da katin hoto suke sha daga gare shi, domin su biyun daga layin volt 12 suke cin wuta. Sauran lambar an tattaro ta ne daga layukan da kwamfutar zamani ba ta cika amfani da su ba. Fawar ta ƙone, ta ƙona madabod, kuma mai ita ya sake sayen abu biyu saboda ya guje wa sayen ɗaya. Araha ba ta ado.

Saboda haka, ƙanena, ka sayi akwati daban, fawa daban. Ba ka buƙatar wat 700. RX 6600 wat 132 yake ci, idan ka haɗa shi da 5600 da sauran tarkace, da wuya kwamfutar ta kai 300 ko ana tsananin wasa, don haka fawa mai nagarta ta wat 550 ta wadatar. Idan ka koma RX 6700 XT, wanda ke cin 230, to ka nemi 650 kamar yadda AMD, kamfanin da ke yin Ryzen da Radeon, ta ba da shawara. Tambarin 80 Plus da za ka gani a kwali yana nufin fawar ba ta ɓarnar wuta da yawa ta zama zafi, amma ba shaidar ingancin kayan cikinta ba ne. Abin da nake dubawa shi ne amfiyar layin volt 12, da ko an rubuta tana da kariya daga wuce kima da haɗuwar waya, da kuma tsawon garanti, domin kamfanin da ya yarda ya tsaya wa kayansa shekara biyar ya san abin da ya zuba a ciki.

Game da kayan hannu, ina raba su gida biyu. Furosesa da RAM da akwati ba su cika lalacewa ba, ana iya sayensu na hannu da kwanciyar hankali, sai dai a furosesar AM4, wato mazaunin da 5600 ke hawa a madabod, ka juya ta ka duba alluranta a haske, kada a sami wadda ta lanƙwashe. Fawa da SSD kuwa sabbi nake saye, domin tsufansu a ciki yake. Katin hoto yana tsakiya. Katuna da yawa sun yi aikin haƙar kuɗin intanet dare da rana har zuwa Satumbar 2022, lokacin da Ethereum ta daina amfani da wannan hanyar, sai aka kwararo su kasuwa. Ba duka ne suka lalace ba, amma kada ka biya sai an kunna maka wasa mai nauyi na kamar minti ashirin a gabanka. Ka saurari fankokin ko akwai mai gurnani, ka kalli allon ko ɗigo masu launi suna tartsatsi, ka duba sukurorin baya ko an taɓa kwance su. Wanda ya ƙi a gwada, ka bar masa kayansa.

'Yar Lissafi ta amsa:

Ina neman afuwar Malam Tsohon Hannu, amma akwai inda ban bi shi ba gaba ɗaya. Rabon kuɗin da ya yi daidai ne, sai dai ya dasa ɗan'uwanmu a kan AM4 ba tare da ya gaya masa cewa wannan mazaunin ya kai ƙarshen hanyarsa ba. Tun 2016 aka fito da shi, ya yi dogon zamani abin yabo, amma sabbin tsararrakin Ryzen sun koma AM5 tun Satumbar 2022, kuma AMD ta yi alkawarin ci gaba da tallafa wa AM5 har 2027 ko fiye. Wanda ya sayi Ryzen 5 7600 da madabod B650 yau, bayan shekara uku furosesa kawai zai canza. Wanda ya sayi 5600 kuwa, ranar da ya so matsawa sosai, furosesa da madabod da RAM zai canza a lokaci guda, domin AM5 RAM nau'in DDR5 kaɗai yake karɓa. Ya kamata aƙalla ya lissafa duka biyun a ranar da zai saya, tun da farashin RAM hawa da sauka yake yi, kuma wani lokaci tazarar takan ƙanƙance.

Haka kuma kada a manta da Intel. Core i5-12400F ma ƙwaya shida ce, tsarar 5600 ce a ƙarfi, kuma akwai madabod ɗinta masu karɓar DDR4 da masu karɓar DDR5. Harafin F yana nufin ba ta da sashen hoto a cikinta, kamar dai yadda 5600 ba ta da shi, wato idan katin ya sami matsala allon baƙi zai zama har sai an sami wani.

Abu na biyu shi ne 8GB. Ya isa yau a 1080p, ban musa ba, amma a 2023 mun ga yadda Hogwarts Legacy da The Last of Us Part I suka wahalar da katuna masu 8GB idan aka ɗaga ingancin zane zuwa ƙarshe. Idan tazarar kuɗin tsakanin kati mai 8 da mai 12 ba ta da yawa, ni zan haƙura da wani abu in ɗauki mai 12. Akwai Intel Arc B580 da ya fito a Disambar 2024 da 12GB, amma shi sai an kunna masa wani saiti mai suna Resizable BAR a BIOS, wato shafin saitin madabod, yake sakin jiki, kuma ya fi son sabuwar furosesa, don haka ba zan tura wanda bai taɓa haɗa kwamfuta ba gare shi ido rufe.

Tsohon Hannu ya sake amsawa:

Malama, ba ki faɗi abin da ba daidai ba, kuma a kan 12GB muna tare. Inda muka rabu shi ne daga wane aljihu kuɗin AM5 zai fito. Ya ce ba shi da inda zai ƙaro. Duk abin da ya ƙara a madabod da DDR5, daga katin zai cire shi, wato zai rage jin daɗin da yake da tabbas a kansa yau domin ya sayi damar canjin da wataƙila ba zai yi ba. Na haɗa wa mutane da dama kwamfuta da wannan niyyar ta “zan canza furosesa nan gaba”, kuma mafi yawansu sai da kwamfutar ta tsufa gaba ɗaya suka sake wata sabuwa fil. Sannan AM4 ba rufaffen ɗaki ba ne: 5700X3D da 5800X3D, masu L3 har 96MB, suna hawa madabod B550 ɗin nan, kuma a wasa suna gogayya da waɗanda suka biyo bayansu a tsara. Sharaɗina ɗaya ne. Idan zai iya hawa AM5 ba tare da ya sauko da katin ko da mataki ɗaya ba, ya bi shawararki. Idan sai ya taɓa katin, ya zauna a AM4.

Sabon Shiga ya dawo:

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara sani. Na sake lissafin ta hanyoyi biyun kamar yadda Malama ta ce, kuma AM5 zai tilasta mini komawa kati mai 8GB, saboda haka na zauna a 5600 da B550 da RAM sanda biyu. Da na cire masanyayin ruwan, kuɗin ya kai RX 6700 XT na hannu wanda mai shi ya yarda a gwada, tare da sabuwar fawa ta wat 650. Fitilun dai na yi musu bankwana da ɗan ciwon rai. Abin da ya rage mini shi ne SSD: in tsaya a 500GB mai saurin gaske, ko in ɗauki 1TB wanda bai kai shi gudu ba? Kuma akwai abin da ya kamata in kiyaye ranar haɗawa?

Mai Gyara ya amsa:

Ka ɗauki 1TB ba tare da dogon tunani ba. Red Dead Redemption 2 shi kaɗai 150GB yake nema, Cyberpunk 2077 kuma 70GB, ka ƙara Windows da sauran wasanni biyun, ka ga 500GB ya kusa cika tun ba a je ko'ina ba, kuma SSD idan ya cika maƙil gudunsa raguwa yake yi. Lambobin gudun da ake bugawa a kwali sun fi amfani ga mai kwafe manyan fayiloli. Wajen buɗe wasa, tazarar SSD nau'in NVMe mai araha da mai tsada ba ta cika wuce ƙiftawar ido kaɗan ba.

Kafin ka sayi akwati, ka nemi tsawon katin a milimita ka gwada da abin da akwatin ya ce yana ɗauka, domin wasu RX 6700 XT masu fanka uku dogaye ne, kuma ka zaɓi akwati mai raga a gaba maimakon gilashi rufaffe. Ka tambayi mai sayar da madabod ko BIOS ɗinsa ya san Ryzen 5000, tun da B550 ya riga su fitowa da 'yan watanni a 2020, kuma tsohon kaya da ya daɗe a kan kanta yana iya ƙin tashi sai an sabunta shi. Idan madabod ɗin mai gurbin RAM huɗu ne, yawanci na biyu da na huɗu daga wajen furosesa ake fara cikawa, amma ka duba littafinsa. Ka danna kowace sanda har sai ka ji ƙas.

Bayan ta tashi, ka shiga BIOS ka kunna XMP, wanda wasu madabod ke kira DOCP, in ba haka ba RAM ɗin da ka biya kuɗin 3200 zai zauna yana aiki a ƙasa da haka ba tare da ya gaya maka ba. A nan kuma za ka tabbatar fTPM, wani saitin tsaro, a kunne yake saboda Windows 11 na buƙatarsa. Wayar monita kuwa a bayan katin hoto za ka soka ta, can ƙasa, ba a ramin madabod da ke sama ba. Da 5600 ramin saman ba ya fitar da komai, kuma na sha karɓar kwamfutar da aka ce ta zo a mace, in cire waya daga sama in mayar ƙasa, in miƙa wa mai ita.